Ikon jaha kan makarantunta: wace kalma za mu sa masa?

Mai fassarar labarai, Sabon Gari:
Assalamu alaikum malamai, ina neman kalma. Tun watan Maris na 2025 da Donald Trump ya sa hannu kan umurnin fara rushe ma'aikatar ilimi ta tarayya, labaran Amurka ba sa rabuwa da abin da suke kira "lokal kwantirol". Nufinsu, jahohi da hukumomin makarantu na gari su ke da ta cewa kan abin da za a koyar, da malamin da za a ɗauka, da littafin da za a saya. Abokan aiki suna cewa "desantaralizasiyo" su wuce, mai sauraro a Mirriya ko Magarya bai ƙaru da komai ba. Me za mu ce da Hausa?

Malama, Garin Malam:
Cin gashin kai mana. Kowa ya san ta.

Mai fassarar labarai:
Na yi tunaninta, Malama, amma ta yi faɗi. Wanda ya ji "cin gashin kai" zai ɗauka Washington ba ta da hannu ko kaɗan, alhali tana ba da kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati, kuma kuɗin da sharaɗi yake zuwa.

Tsohon mushe, Birni:
Ɗana, ka fara cire desantaralizasiyo daga cikin maganar, don ba abu ɗaya ba ne. Ina cikin aiki aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 a nan Nijar. A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokar miƙa wa komin-komin da jahohi wasu ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Magajin gari ya samu ginin aji da gyaransa da kayan aiki, amma tsarin karatu da jarrabawa suna nan Yamai, ba su motsa ba. A Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ban kawo wannan don siyasa ba. Ina nuna maka cewa namu iko ne da aka sauko da shi daga sama, wanda ya sauko da shi kuma yana iya mayar da abinsa. Wannan ka ce masa "saukar da iko", ya wadatar. Na Amurka a nemo masa wata.

Ɗalibin shari'a, Jami'ar André Salifou:
Baba ya taɓo inda maganar take. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. Gyara na goma, na 1791, ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, ba a kuma hana wa jahohi ba, na jahohi ne ko na jama'a. Ke nan ba Washington ce ta ba su ba, tun asali bai taɓa shiga hannunta ba. Ko dokar 1979 da ta kafa ma'aikatar ilimin, zamanin Jimmy Carter, ta rubuta ƙarara cewa ma'aikatar ba za ta juya tsarin karatu ko zaɓen littattafai ko ma'aikatan wata makaranta ba. Shi ya sa nake kawo "hurumi". Muna jin ta kullum a bakin alƙalai: kotu ba ta da hurumin sauraron wannan ƙara. Kafin kotu ma, hurumi shi ne filin da aka keɓe wa gari a gefensa, ba mai gonar da zai sa masa garma komai ƙarfinsa. Kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, mai abu da kuma iyakar da wani ba zai ƙetara ba. Sai mu ce "hurumin gida kan makarantu".

Malama, Garin Malam:
Ƙanena, a wasu garuruwa in ka ce hurumi maƙabarta za a nuna maka. Kada a ji mu a rediyo muna kai yara makaranta a can.

Ɗalibin shari'a:
Yaya, ai "kan makarantu" ya raba gardama. Kuma maƙabartar ma don an keɓe ta ne ta samu sunan.

Ɗan'uwa daga Daura:
Ni "gida" ce ba ta kwanta mini ba, gidan wa? Mu a Najeriya tarayya da jahohi duka suna da hurumin yin doka kan ilimi a tsarin mulkin 1999. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya, amma jaha ba ta ɗaukar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Idan ka ce mini "gida", ban san ko gwamna kake nufi ko ciyaman ba.

Mai fassarar labarai:
A Amurka ma hawa biyu ne. Jaha ke da ikon a doka, ita kuma ta danƙa gudanarwa ga gundumomin makarantu sama da 13,000, galibi da kwamitin da mutanen gari ke zaɓa, babban kaso na kuɗin kuma daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. To a raba: "hurumin jaha" idan da Washington ake ja, "hurumin gari" idan kwamitin gunduma ake nufi.

Tsohon mushe, Birni:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Kada daɗin kalmar ya sa ku sayar wa mutane ita kamar alheri ce zalla. Da sunan wannan hurumin ne jahohin kudancin Amurka suka raba makarantun farare da na baƙaƙe, har Kotun Ƙoli ta haramta a 1954. Ko bayan hukuncin, a 1957 sai da shugaba Eisenhower ya tura soja garin Little Rock kafin yara baƙaƙe tara su shiga aji. Ga kuma harajin gidajen da ka ambata: unguwar masu hali makarantarta ta yi ƙiba, ta talakawa ta rame.

Ɗalibin shari'a:
Haka ne Baba, kuma iyakar tana matsawa. Dokar da George Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ɗaure jahohi da jarrabawa da hukunta makarantar da ta gaza. Ta Disamban 2015, zamanin Obama, ta sassauta, ta hana ministan ilimi tilasta wa kowace jaha wani ma'aunin karatu, amma ta bar jarrabawar karatu da lissafi ta kowace shekara daga aji 3 zuwa 8. Da kalmarmu ana iya faɗin duka: 2002 ta ci hurumin jaha, 2015 ta mayar da wani sashe.

Mai fassarar labarai:
"Cin hurumi" ma ta zo mini a kyauta. Gobe zan karanta haka: "Masu goyon bayan matakin sun ce ilimi hurumin jaha ne, masu adawa kuma sun ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin rufe ma'aikatar da majalisa ta kafa." Malama, saura sunan kwamitin nan da ake zaɓa. Namu na lakwal da muke ce wa kojes bai kai shi ƙarfi ba, tunda ba ya sa haraji, ba ya korar darakta.

Malama, Garin Malam:
"Majalisar makarantun gari" za ta yi. Amma ni har yanzu cin gashin kai zan ce wa 'yan ajina.