Sakamakon simuleshin ya cika min faifai, ta yaya zan adana shi?

Ɗalibin_lissafi:
'Yan'uwa, ina gudanar da simuleshin (kwaikwayo a kwamfuta) na yaɗuwar zafi da harshen shirye-shirye na Fortran, raga mai gidaje 1000 sau 1000, matakai 5000. Kowane mataki ina zuba shi a fayil ɗin CSV, wato lambobi a rubuce da haruffa, waƙafi na raba su. Faifan ya kusa cika, Python kuma sai ya daɗe kafin ya buɗe ko guda. Ina mafita?

Mai_raga:
Ɗan'uwa, fara da lissafi. Lamba ɗaya ta float64 (nau'in lamba mai ɗigo a kwamfuta) baiti 8 ce, gidaje miliyan ɗaya kenan megabait 8 a kowane mataki, matakai 5000 gigabait 40. Idan ka rubuta ta da haruffa cikakkiya, tana cin kusan baiti 25, sai abin ya ninka uku. In ka yanke alkaluman don fayil ya ragu, ka yi asara, domin sai da alkaluma 17 lambar ke dawowa yadda take.

Koma HDF5, wani tsarin fayil na adana manyan bayanan lambobi. Ka raba bayanan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mataki ɗaya, ta yadda h5py, kayan aikin Python na karanta HDF5, zai ɗauko mataki na 300 shi kaɗai ba tare da ya loda sauran a RAM ba. Sannan ka duba, kana buƙatar kowane mataki? Adana ɗaya cikin 50 ya bar ka da megabait 800.

Injiniya_H:
Malam, ka kula da tarko biyu. Fortran yana jera lambobi ginshiƙi bayan ginshiƙi, NumPy (kayan lissafi na Python) kuma layi bayan layi, shi ya sa hoton ke fitowa a juye. Da yake ragarka murabba'i ce, ba wani kuskure da zai bayyana, kuma wannan ne haɗarin. Sa order='F' a reshape, umarnin NumPy da ke mayar da jerin lambobi raga. Na biyu, fayil ɗin unformatted na Fortran (wanda ke adana lambobi kai tsaye, ba da haruffa ba) na yau da kullum yana manna alamar tsayi, galibi baiti 4, a farko da ƙarshen kowane rubutu, sai lambobin su goce. Tun wajen rubuta shi a Fortran, buɗe shi da access='stream'.

Mai_raga:
Ƙari ɗaya mai muhimmanci: rubuta tazarar lokaci, girman gida, ma'aunin zafin da sigar shirin a cikin attrs (wurin ƙananan bayanai) na fayil ɗin HDF5 kansa. Bayan wata shida ba za ka tuna ko Kelvin ne ko Celsius ba. Fayil ɗin da ke adana inda aiki ya kai don a ci gaba daga nan kuwa, rubuta shi da sunan wucin gadi, ka rufe, sannan ka canza masa suna, don idan aikin ya mutu a tsakiyar rubutu tsohon na nan lafiya.