Mai nuna wa jirgi hanya yana da alhakin bam ɗin Dresden?

Maman Ummi: Salam jama'a. Akwai tsohuwar baturiya da nake kula da ita nan Lincoln a Ingila, jiya ta ɗauko min littafin da babanta ke rubuta duk tashin jirginsu a yaƙin duniya na biyu. Shi ne mai nuna hanya a jirgin Lancaster, jirgin jefa bam na sojan saman Birtaniya, su bakwai ne a ciki, shi yana bayan labule da 'yar fitila da taswira yana lissafin iska da nisa. A ranar 13 ga Fabrairu 1945 an rubuta Dresden, birnin Jamus da suka jefa wa bam a daren. Ta ce har ya rasu bai taɓa ba su labarin daren ba, amma ta haƙiƙance babanta bai kashe kowa ba tunda ba shi ke sakin bam ba. Ni dai na yarda da ita.

Baban Sadiq: Hajiya ki yi haƙuri ban yarda ba. To wa ya kai jirgin kan garin cikin duhu? A 1941 rahoton Butt, wani bincike na gwamnatin Birtaniya, ya nuna cikin jirage uku da suka ce sun kai hari ɗaya ne kawai ke zuwa kusa da wurin da mil 5, shi ya sa aka kawo na'urorin gano hanya irinsu Gee da H2S aka damƙa wa masu nuna hanya, kenan shi ne idon jirgin. Kusan mutum 25,000 suka mutu a Dresden, da mata da yara da 'yan gudun hijira.

Kawu Lawal: Haba Baban Sadiq, yara ne fa, yawancinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, cikin 125,000 da suka tashi a jiragen bam na Birtaniya 55,573 ba su dawo ba, kuma sai ka yi tashi 30 kafin a ba ka hutu, ana harbo ka daga ƙasa jiragen Jamus na bin ka, ga sanyin da ke daskarar da yatsu. Arthur Harris, shugaban rundunar jiragen bam ɗin, shi ne ya dage kan ƙona birane, shi za a tuhuma. Kuma kar ka manta ruwan bam da Hitila ya yi wa garin Coventry na Ingila a 1940.

Baban Sadiq: Kawu ban ce ba su sha wuya ba wlh. Amma laifin Hitila ba ya wanke na wani, Hamburg ta Jamus ma a Yulin 1943 wutar bam ɗin Birtaniya ta ci dubban mutane a dare guda. Shirun da tsohon ya yi har mutuwarsa, ni a ganina ya san hannunsa na ciki.

Maman Ummi: Maganar shirun nan ta taɓa ni gaskiya. Abin da ke ci mata rai shi ne bayan yaƙi aka juya musu baya, Churchill, firaministan Birtaniya a lokacin, ko ambatarsu bai yi ba a jawabin nasara, sai 2012 aka gina musu wurin tunawa a Green Park ta Landan, lokacin baban nata ya daɗe a ƙasa. Kuma a jikin ginin an ambaci mutanen duk ƙasashen da bam ya kashe.

Kawu Lawal: Irin na kakanninmu da suka je Burma, suka dawo ba mai tambayarsu me suka gani.

Maman Ummi: Na janye cewa ba ruwansa, amma ba zan iya faɗa mata haka ba Baban Sadiq, ta haura tamanin. Ta ce gobe in ƙara karanta mata shafin don idonta ya yi rauni, zan karanta mata yadda ya rubuta.