Ina son karanta Nazarin Rasha a jami'a, Baba ya ce wa zai ɗauke ni aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Ina shirin cike JAMB, kuma raina ya kwanta da fannin harshe da al'adun Rasha. Tun da na karanta tarihin juyin juya halin 1917 abin ya shiga zuciyata. Jiya da na faɗa wa Baba, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "In ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?" Na rasa amsa. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malamin harsuna: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ana koyar da Rashanci a jami'o'in Legas da Ibadan, a sashen harsunan Turai. Amma ka sani, harshen shi ne ƙashin bayan karatun. Haruffansu 33, a mako biyu za ka iya su. Nahawun ne ke sa gumi, domin ƙarshen suna yana canzawa gida shida gwargwadon aikinsa a jimla. Sai ka ƙetare wannan kafin ka ji daɗin adabinsu, da tarihi irin na 'yanta manoma bayin ƙasa a 1861, da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991.

Wata da ta yi karatu a birnin Kazan na Rasha: Tambayar Baba tana kan hanya, kada ka ji haushinsa. Ni likitanci na karanta, shekarar farko kacokan harshe muka koya. Waɗanda na sani da suka ci moriyar Rashanci duk sun haɗa shi da wani abu: tafinta, jarida ko hulɗar jakadanci. Kuma Rasha ba Mosko kaɗai ba ce. Ranar da na fara shiga masallacin Kul Sharif da ke Kazan, takalmina jiƙe da ƙanƙara, na ji tsofaffin Tatar, ƙabilar Musulmin yankin, suna sallama, sai da na yi hawaye.

Wani dattijo: Ɗana, gaya wa mahaifinka Rashawa ne suka gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, kuma da tafinta aka yi aikin. Su ma suna karantar Hausa a jami'o'in Mosko da St. Petersburg. Malaminsu Olderogge har ƙamus na Hausa da Rashanci ya fitar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da dare zan fara da haruffan, gobe bayan Magariba in sake zama da Baba.