Shawarwarin masu walda kan na'urar maganaɗisu ta gano tsaga a ƙarfe

A wata zantawa da masu walda da masu duba ingancin aiki suka yi a Idu, Abuja, an daɗe ana magana kan na'urar hannu mai ƙafa biyu wadda ake ɗora wa ƙarfe ta cika shi da maganaɗisu. Idan aka fesa garin ƙarfe a wurin, sai garin ya taru a bakin tsagar, ya fito da siririn layi baƙi ko da ido bai ga komai ba da farko.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a gwada kowane wuri sau biyu, a juya na'urar ta gicciye a karo na biyu, domin tsagar da ta bi layin da ke tsakanin ƙafafun biyu ba ta cika bayyana ba. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi, musamman ga mai duba tankin mai ko ƙugiyar ɗaga kaya, inda rayukan mutane ke rataye.

Wani dattijo ya ce kafin a fara aiki a tabbatar na'ura mai amfani da wutar AC (irin wutar lantarkin gida) tana ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 4.5, mai amfani da wutar DC (irin ta batir) kuma kilo 18. A kankare tsatsa, a goge maiko, a fesa farin fenti kaɗan domin layin ya fito sosai. Na'urar ba ta aiki a kan alminiyam da tagulla, kuma tsagar da ke ɓoye can cikin ƙarfe sai an nemi wata hanyar gwaji.