Darasin tsarin Alekzanda: yana gyara zama da tsayuwa kuwa?

Maɗinkiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata ɗinki ce, kuma yawan zama a gaban keke ya sa wuyana da ƙuguna suna riƙewa kusan kullum. Likita ya duba ni bai sami wata cuta ba, ya ce in gyara yadda nake zama, amma duk sa'ad da na miƙe bayana da ƙarfi, ba na daɗewa sai in gaji in sake ranƙwafawa. Na ji labarin tsarin Alekzanda, wanda ake koyon lura da jiki a wurin malami. Me ake yi a darasin, kuma bidiyon intanet zai iya wadatar da ni?

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Gajiyar da kika ambata ita ce ainihin abin da tsarin yake magana a kai, domin miƙewa da ƙarfi ɗaure jiki ne a kan wani ɗaurin da yake nan tun da farko. Wanda ya ƙirƙiro shi, F. M. Alekzanda, ɗan wasan kwaikwayo ne da aka haifa a Tasmaniya ta Ostireliya a 1869. Muryarsa ce ta riƙa dushewa idan yana gaban jama'a, sai ya kafa madubai yana kallon kansa, har ya gano cewa da zarar ya yi shirin magana yakan ja kansa baya ya danne wuyansa, alhali shi a ransa yana jin daidai yake tsaye. A 1904 ya koma Landan yana koyarwa.

A darasi, wanda yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, ba a cire tufafi kuma ba tausa ake yi ba. Malami zai ɗora hannu a hankali a ƙeyarki, ya ce ki tashi daga kujera, kuma kafin ki motsa ya dakatar da ke, don ki ji yadda haɓarki ta riga ta ɗaga, kafaɗunki suka ɗaure, numfashinki ya tsaya. Wannan ɗan jinkirin shi ake koya, har ya bi mutum zuwa wurin aikinsa. A ganina bidiyo ba zai maye gurbin hannun malami ba, tunda jikin da ya saba da karkata yakan ji karkatar ita ce daidai.

Likitan fisiyo (mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki):
Malama, zan ƙara da ɓangaren bincike. A 2008 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi darasi 24 sun sami raguwar kwanakin ciwo sosai, waɗanda kuma suka yi darasi 6 suka haɗa da motsa jiki sun sami mafi yawan wannan amfanin. Saboda haka kada darasin ya sa ki bar tafiya a ƙasa da tashi daga keke lokaci-lokaci. Ki kuma tambayi malamin inda ya yi horo, domin ƙungiyar malaman tsarin da aka kafa a Birtaniya a 1958 tana gindaya horon shekara 3. Idan kuwa kika fara jin ƙafa tana mutuwa, ko ƙarfinta yana raguwa, ko riƙe fitsari ya gagara, to asibiti za ki nufa nan take.

Mai aikin kwamfuta:
Ban goyi bayan a rufe ƙofar koyo daga nesa gaba ɗaya ba, domin ba kowa ne yake da malami kusa da shi ba. Akwai tsarin Feldenkrais, wata hanyar koyon lura da motsin jiki, wanda darussansa na rukuni da baki ake bayar da su, mutum yana kwance yana bin umarni da ƙananan motsi a hankali, don haka sun fi dacewa da sauraro a gida. A tsarin Alekzanda ma akwai abin da za ki iya farawa yau: ki kwanta rigingine a ƙasa mai tauri, ki tokare kanki da littafi biyu ko uku, ki naɗe gwiwoyi tafin ƙafa na ƙasa, ki yi kamar minti 15 kina lura da wuraren da kike ɗaurewa ba tare da kin tilasta musu sakewa ba.