Abin da aka tattauna kan tashi wa dattawa a motar haya

Na tattaro ra'ayoyin jama'a ga waɗanda ba su bi muhawarar ba.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A tashi tun mota na tsaye, kafin direba ya ja. Lokacin taka birki ko shan kwana dattijo ke faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru ba ta saurin warkewa. Wannan aka fi nanatawa.
2. Kujerar kusa da ƙofa ta fi dacewa, don kada ya ratsa cunkoso wajen sauka.
3. A yi magana kafin a taɓa mutum: "Baba, ga wuri, ku zauna." Kada a finciko hannunsa. In yana dogara sanda, a tsaya ta ɗaya gefen, a bar masa ƙarfen riƙewa.
4. In ya ce a bar shi, kada a matsa. Wani mai ciwon gwiwa, zama da tashi sun fi masa tsayuwa wahala in tafiyar gajeriya ce.

Inda aka rabu, wato kan dalilin da ya sa wasu matasa ba sa tashi wa dattawa:

Wasu sun ce tarbiyya ce ta yi rauni. Wasu kuma sun ɗora laifin a kan waya: kai a sunkuye, kunne a toshe, matashi bai ma ga wanda ya shigo ba. Ni na fi karkata nan, don maganinsa ɗaga kai ne a kowace tasha.

An kuma ja kunne kan tsawata wa matashin da bai tashi ba a bainar jama'a. Mai sikila ko mai ƙaramin ciki ba a gane su da ido.