Ta ina ake bi a samu ɗakin karatu a sabuwar unguwa?

Baban Hafsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya zafi ya hidima. Tambaya gare ni, don Allah wanda ya san kan abun ya taimaka. Mu nan Maradi sabbin filayen bakin gari muke zaune, can inda kwalta ta ƙare, unguwa ta cika da mutane cikin 'yan shekarun nan amma ba mu da komi na jama'a in ban da masallatai da lakwal guda ta firamare. Yaranmu masu shirin jarabawar BEPC da BAC, ta gama kwaleji da ta gama lise, in dare ya yi sai ka gan su bakin titi ƙarƙashin fitilar sola kowa da kayensa a cinya, ga ƙura ga sauro ga 'yan kabu-kabu na wucewa da gudu, don cikin gida ba a iya karatu, ɗaki guda ne yara da yawa, in kuran ya tafi kuma shi ke nan.

To akwai wani fili tsakiyar unguwa wanda tun sadda aka yanka filaye aka ce an bar shi don amfanin jama'a, yanzu shara kawai ake zubawa, kuma kwanan nan mun ga an sauke yashi gefe guda ba mu san na wa ne ba. Muna son a yi ɗakin karatu wurin ko da ƙarami ne. Wa ke da alhakin wannan, magajin gari ne ko ma'aikatar ilimi ko ta al'adu? Mun taɓa kai takarda wani ofishi aka ce mu dawo, da muka dawo aka ce mai sa hannu bai nan, har muka gaji muka bari.

Tsohon ma'aikacin kwamin

Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Abun da ya tada mini hankali cikin maganarka yashin nan ne, ba littattafai ba. Ku bar zancen gini tukuna, ku fara da filin. Duk lotisma, wato yankan filaye, da aka yi bisa ƙa'ida yana da taswira, kuma a jikinta ana nuna inda aka ware wa lakwal da likita da kasuwa da filin wasa, kowane yanki da lambarsa. "An ce an bari" ba hujja ba ce, hujja ita ce takarda. Ku je wajen masu kula da filaye na birni ku nemi a nuna muku taswirar unguwarku, ku ɗauki lambar filin da abin da aka rubuta a kansa, in an yarda ku ɗauki hoto da salula. In ta nuna na jama'a ne to wanda ya sauke yashi ba shi da ta cewa, in kuma an riga an sake mishi suna an yanka shi gara ku sani yanzu kafin ku tara kuɗin mutane.

Game da wa ke da alhaki, Maradi birni ne mai da'ira uku, ta 1 da ta 2 da ta 3, amma babban kasafin kuɗi da maganar filaye suna hannun ma'aikatar birni, da'ira tana ƙarƙashinta ne. Mutane da yawa nan suke ɓata lokaci, su kai takarda inda ba a da ikon cewa e ko a'a. Kuma ku tuna tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun kansaloli duk ƙasar aka naɗa kantomomi, saboda haka kansilan da da za ku kama ku ce mun zaɓe ka kai mana kuka babu shi, hanyar da ta rage ita ce mai unguwa, shi zai yi muku jagora. Kada ku tafi ba shi, takardar da ba sa hannun mai unguwa ba ta da nauyi.

Sai batun lokaci. Kasafin kwamin daga Janairu zuwa Disamba yake, ana shirya shi tun ƙarshen shekarar da ta gabata, kuma akwai kundin tsarin ci gaba na shekaru biyar da ake cewa PDC, daga cikinsa ake ɗebo ayyukan kowace shekara. Abin da bai shiga kundin ba da wuya a samo mishi kuɗi ko da shugaban yana so. Ku kai demand ɗinku da wuri, kofi biyu, a buga muku tampo da kwanan wata a kan guda ku riƙe a hannunku. Ita ce za ta hana a ce muku ba a gani ba.

Wata gaskiya kuma da ba a son ji, in kun je za a iya tambayarku unguwar taku ana biyan lanho, wato haraji? Na zauna wurin na ga yadda ake raba kuɗi, abin da ake tarawa kaɗan ne, albashi da kwasar shara da yashe magudanai kafin damana sun cinye rabi da kwata. Ba ina kare kowa ba ne, akwai sakaci ma, amma wanda ya zo da resi a hannu bakinsa ya fi kaifi.

Mushe mai ritaya

Ɗana Baban Hafsa, Allah shi yi muku albarka da wanga tunani. Abokina ya hwaɗi ta fili, ni ta mutum zan hwaɗi. Na koyar a ƙauye da birni, na ga ɗakunan karatu da aka buɗe da kiɗa da jawabi, turawa sun kawo kwalaye, aka yanka ƙyalle aka ɗauki hoto, ka dawo bayan shekara biyu ka tarar da kwaɗo a ƙofa gara ta ci rabin littattafan. Mi ya kashe su? Ba a tanadi mai buɗe ƙofa ba. Wanda aka sa ɗan sa-kai ne, ya samu aiki ya tahi da makulli a aljihu. Har cibiyoyin karatu da raya al'adu na CLAC da ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ta taimaka aka kafa a garuruwa, inda suka yi rai za ka tarar akwai mutum guda tsayayye da kwamin ke biyansa, kuma yanzu Nijar ta fita ƙungiyar tun Maris na 2025, kada ku zauna jiran kwali daga waje.

Shawarata, kada ku jira gini. Kun ce kuna da lakwal ta firamare, da yamma ajujuwan a kulle suke, akwai tabur-ban akwai allo. Ku zauna da diraktan da kwamitin iyaye na COGES, a nemi izinin sufeto, a ba ku aji guda daga bayan magariba. Panno guda na sola da batir da ƙwai huɗu ko biyar sun isa. Littattafai kuma ku bi gidaje, duk gidan da yaro ya ci jarabawa akwai tsofaffin littattafai cikin akwati ƙura na cinsu. Ku saye akwatin ƙarfe saboda gara, ku ɗora shi bisa bulo kada ya taɓa ƙasa, da rajista guda da za a riƙa rubuta wa ya ɗauka, yaushe ya maido. In kuka yi shekara da wannan rajista, ranar da za ku shiga ofis kun je da sunayen yara da kwanaki, ba da kuka ba.

Kuma ku sa na Hausa cikin akwatin, boko da ajami duka. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, to yaro ya gan ta a rubuce mana. Iyaye ma da suka yi yaƙi da jahilci za su shigo in sun san akwai abin da za su iya karantawa, kuma uban da ya taɓa zama wurin shi ne ba zai bari a rufe ba. Maganar barin fili kuwa ba sabuwa ba ce garin nan, bayan ambaliyar gulbi ta 1945 da aka taso da gari daga fadama aka hau tudu, an yanka tituna masu faɗi an bar sarari, shi ya sa tsofaffin unguwanni ke shaƙar iska har yau. Sabbin ne ake matse su kamar ba za a haihu ba.

Ɗan kasuwa

Ni dai ku yi haƙuri, unguwar da ba pampo, mata na sayen ruwa wajen 'yan garuwa, in damana ta zo mota ba ta shiga, ita ce za a fara da ɗakin karatu? In za ku je wajen hukuma ku je da ruwa da hanya. Yaran yanzu ma komi cikin salula suke karantawa.

Maman 'yan biyu

Alhaji ruwa gaskiya ne, mu muka fi kowa sanin zafinsa don mu ke biyan 'yan garuwa, amma ba a ce sai an gama ɗaya a taɓa ɗaya ba, ruwa aikin miliyoyi ne wannan kuma mu da kanmu muna iyawa. Abin da nike son ku maza ku lura, duk yaran da kuke gani ƙarƙashin fitila maza ne. Ba uwar da za ta bar ɗiyarta mace bakin titi da dare, ni ma ba ni bari. Tawa tana aji na ƙarshe a CEG, wato kwaleji, ta dawo lakwal ta yi wanke-wanke ta ɗora tukunya, lokacin da za ta buɗe kaye ido ya yi nauyi, fitilar salulata take karatu da ita har caji ya ƙare, kuma jarabawa guda za su rubuta da mazan. To Mushe in har sai bayan magariba za a buɗe ajin kun sake barin 'yan mata a baya. A ware musu Asabar da Lahadi da safe ko bayan la'asar, kuma a samu mace babba ta zauna da su, sannan iyaye za su yarda.

Kuɗin mai buɗe ƙofa kuma ku zo wajen mata. Asusun Mata Masu Dubara nan jihar Maradi aka fara shi a 1991, yau ana yin irinsa ƙasashe da yawa, mun san yadda ake zubi duk sati, akwati mai kwaɗo uku makulli hannun mutum uku, a ƙirga gaban kowa. In kowane gida zai ba da ko dala ashirin a sati, an samu abin ba mai tsaro na sabulu da sayen batir in ya mutu. Amma sharaɗi, a sa mata cikin kwamiti tun farko, ba sai ranar girkin bikin buɗewa a tuna da mu ba.

Ɗalibi UDDM

Baba Alhaji salula ba ta maye wurin zama ba wallahi. Ina jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mu ma da muke da ɗakin karatu cikin makaranta in lokacin jarabawa ya zo da wuri ake kama kujera. Tsofaffin tambayoyin BAC suna yawo a WhatsApp gaskiya ne, amma yaro nawa ke da babbar salula, ga kuɗin mega, kuma ka buɗe don lissafi ka ƙare kallon bidiyo. Abin da muke iyawa mu ɗalibai, mu tattara tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu a buga a takarda a ɗinke a aje wurin, kuma 'yan unguwar da ke jami'a kowa ya ɗauki dare guda a sati yana taimaka wa ƙanne da lissafi da fizik. Fadarmu muna zama shan shayi har tsakar dare, in aka ce ga aiki za a samu masu zuwa. Baban Hafsa in kun fara ku sanar a nan, ina da abokai can gefenku.

Baban Hafsa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa mutanenmu bayan sallar isha'i. Maganar Maman 'yan biyu ta sa kowa ya yi shiru, don cikinmu ba wanda ya kawo zancen 'yan mata, an amince mata biyu su shiga kwamiti. Mai unguwa ya ce zai raka mu neman taswira. Diraktan lakwal ya yarda da baki amma ya ce in aka sace panno ko aka karya tabur-ban wa zai amsa, yana son a rubuta. Wanda ya san yadda ake irin wannan takarda ya taimaka. Alhaji maganar ruwa ma tana nan, za mu yi mata takarda daban.

Tsohon ma'aikacin kwamin

Dirakta yana da gaskiya, shi za a tambaya in abu ya ɓace. Shafi guda ya isa, a rubuta wane aji, waɗanne ranaku da awoyi, wa ke riƙe makulli, kayan da kuka shigo da su ɗaya bayan ɗaya, da cewa kwamiti zai gyara abin da ya lalace a lokacinsa. Dirakta ya sa hannu, shugaban COGES, mai unguwa da mutum biyu naku, guda mace, a kai wa sufeto kofi. Panno kuma a sa mai walda ya ɗaure shi bisa kwano da ƙarfe, batir ya kwana cikin akwatin. Taswirar dai kada ta wuce satin nan, yashi in ya kwana biyu bulo ke biyo shi.